Umarnin Kotu Yana Hannuna, Amma Wa Zan Kai Wa?

Yaya, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni lauya ce, ban daɗe da fara aiki ba. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya sayi kuɗin intanet da ake kira kirifto, sai wani ya yaudare shi ya tura masa duka. A falo, gaban 'yan'uwa, na bugi ƙirji na ce kotu za ta dawo da su. Na shigar da ƙara, alƙali kuwa ya ba da umarnin a dawo da kuɗin.

Sai da na tashi isar da takardar na rasa wanda zan kai wa. Mu mun saba da banki, akwai manaja, akwai ƙofar ƙwanƙwasawa. Bulokcen ɗin da kirifto ke tafiya a kansa kuwa rajista ce a kan dubban kwamfutoci, ba mai ita, abin da ya shiga kuma ba ya gogewa. Takardar tana kan teburina, na danne ta da kofin shayi. Kawu kullum sai ya kira, har maƙwabta ya gaya wa 'yarsa ta ci shari'a. Ina tsoron ranar da zai daina yarda da maganata. In faɗa masa, ko in ƙara jira?

Lauya mai takarda a hannu

Ƙanwata,

Kwantar da hankalinki. Ƙauna ce ta sa bakinki ya riga karatunki, kuma ba ke kaɗai kirifto ya kunyata ba a cikin masu baƙar riga.

Takardarki ba ta mutu ba. Rajistar da ba ta gogewa tana barin sawu. Nemi masani ya bi sawun kuɗin. In suka sauka a kamfanin musayar kirifto mai ofis, wanda ya san abokan cinikinsa, to kin sami ƙofar ƙwanƙwasawa. Duba dokar ƙasar da kamfanin yake, don dokokin ƙasashe ba ɗaya suke ba. Ki kuma jawo abokin aiki, shari'ar gida tana rufe ido.

Amma wataƙila kuɗin sun tafi ke nan, kuma Kawu yana da haƙƙin sani. Kada ki faɗa masa a waya. Je ki zauna gabansa, ki ce kin yi alkawarin abin da ba ya hannunki. Zai ji zafi, watakila ya yi kwana biyu bai kira ba. Wancan mutumin kuɗi kawai ya sace masa. Kada shirunki ya raba shi da 'yar da yake yarda da ita.

Allah Ya sassauta, Ya bar ku tare.