Kunnena Ne Ko Sifikar?

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Hajiya Turai ta Goron Dutse ta dawo min da aiki yau. Shekara talatin da ɗaya ina wannan shago a Yakasai, tun ina gyaran rediyo har na koma juye wa mutane tsofaffin kaset a waya da filashi, ba a taɓa dawo min da aiki ba sai bana. Wannan ne na uku tun bayan ƙaramar Salla.

Kaset ɗin saƙo ne da marigayi mijinta, Malam Isiyaku, ya aiko mata daga Jidda a 1988, lokacin yana ɗinki a can. Minti arba'in yana magana. Iyakar abin da ya rage mata na muryarsa ke nan. Na juye, na gyara, na ba ta ranar Alhamis. Yau ta ce, "Malam Abdulbaqi, wannan ba muryar Malam ba ce. Kamar a cikin gwangwani yake magana, har kaina ya yi ciwo." Na kunna mata a manyan sifikokina. Ni dai lafiya lau na ji. Ta dube ni, na dube ta.

Ranar Juma'a 25 ga wata 'ya'yanta za su taru yi masa addu'ar shekara goma, tana so su ji ubansu. Na ce ta bar min kaset ɗin.

Laraba, 9 ga Yuli

Abin da ban faɗa wa kowa ba, bari in faɗa wa takarda.

Tun cikin azumi duk abin da na kunna a shago a dushe nake jin sa, kamar an lulluɓe da bargo. Siririn sautin nan, irin na "s" da "sh" da ƙarar cokali, ya tafi. Sai in yi ta murɗa maɓallinsa har ƙarshe kafin in ji daidai. To idan ni na ji daidai, mutane kuma suka ji gwangwani, wa ke da matsala?

Mahaifina yana da sittin da uku kunnensa ya mutu. Ina tuna shi a zaure, ana yi masa magana da ƙarfi kamar ana faɗa, shi kuwa yana murmushi yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Ni yanzu sittin da ɗaya. Kuma shi fata yake jima, bai rasa sana'arsa ba. Ni da kunne nake ci.

Alhamis, 10 ga Yuli

Matata Zaituna ta tambaye ni abu sau biyu da safe ban ji ba. Ruwa ake yi a kan kwano. Wataƙila ruwan ne.

Asabar, 12 ga Yuli

Halima ta biyo ta shago. Ita ce babbar 'yata, tana aikin haɗa sautin tallace-tallace a wani kamfani a Ƙofar Kabuga. Ta ga kaset ɗin Hajiya, ta ce in tura mata asalin da kuma abin da na gyara. Ta sa abin kunnenta ta kunna gyararren, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta yamutsa fuska ta cire.

"Baba, ka cika siririn sauti. Yana huda kunne."

Na ce tun ba a haife ta ba nake wannan aiki. Can ta dubi sifikokin ta ce, "Yaushe rabon da ka buɗe waɗannan?" Na ce waɗannan katakon gaske ne, a 1994 na saye su, kowace sai mutum biyu sun kama. Ba irin robobin yanzu ba.

Ta ce tana da wasu ƙanana a gida da take aiki da su, za ta kawo min in gwada. Na ce ta bar kayan wasanta a inda suke. Na ga ranta ya sosu, amma ta gaishe ni ta tafi.

Ban kyauta ba. Tsoro ne ya sa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban buɗe shago ba.

Talata, 15 ga Yuli

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Bari in rubuta a tsanake.

Da hantsi sai ga Halima da jakar leda. Ba ta tambaye ni ba, ta ture tarkacen kan tebur ta fito da su. Biyu ne, baƙaƙe, kowace ba ta fi burodi babba a tsaye ba. Na tambayi ina amfilifayar. Ta ce tana cikin ɗayar, a jikinta take. Ta jona a wuta, ta haɗa ta biyun da siririyar waya ɗaya, shi ke nan. Ta ɗora su a kan littattafai don su zo daidai kunne, ta ɗan karkato su suna kallon kujerata. Ta ce, "Zauna nan tsakiya, Baba." Na zauna don kawai a wuce wurin.

Ta kunna asalin abin da na juye, wanda ban taɓa shi da gyara ba. Daga wayarta ta turo ta bulutut, ba igiya ko ɗaya.

Malam Isiyaku ya yi sallama.

Na ji "s" ɗin. Na ji numfashin da ya ja kafin ya ce Turai. Na ji fanka tana kaɗawa a ɗakin da yake, da wani yana juya shayi a kofin gilashi can bayansa, cokali yana bugun gefe. Sau fiye da ashirin na saurari kaset ɗin nan a satin da ya wuce, ban san da wannan cokali ba. Muryar kuma ba daga dama ko hagu take fitowa ba, a tsakiya take, kamar mutumin yana zaune a kan teburin.

Na ce ta mayar baya. Ta mayar. Na toshe kunnen dama, na ji. Na toshe na hagu, na ji.

Sai ta kunna wanda na gyara. Subhanallahi. Hajiya ta yi min kara da ta ce gwangwani.

Na tashi na ce zan yi alwala, alhali azahar da saura. Na daɗe a bayan shago da buta a hannu. Da na dawo Halima tana ta danna waya kamar ba ta lura da idona ba. Allah Ya yi mata albarka.

Laraba, 16 ga Yuli

Na kwance manyan sifikokina. Ƙananan kawunan da ke fitar da siririn sauti, duk biyun sun ƙone. Na auna su da mita, ba ta ko motsa ba. Sai yanzu na tuna ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi cikin azumi, ta ƙona min fanka da ƙwan lantarki biyu. Na canja fanka, na canja ƙwai, ban duba sifika ba, saboda tana magana.

Wata huɗu ina zargin kunnen da Allah Ya ba ni, ban zargi abin da na saya a kasuwa ba.

Dariya ta kama ni ni kaɗai, har Ado tela maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Lafiya, Malam?" Na ce lafiya ta samu.

Alhamis, 17 ga Yuli

Don kar daɗi ya rufe min ido, na yini ina neman laifin sifikokin Halima. Suna da shi.

Babbar ganga ba ta dukan ƙirji a cikinsu. Ana jin ta, amma ba ta girgiza benci kamar a manyan. Idan aka ƙure ƙara sai su fara takurewa, sautin ya cushe. Ba za su yi wa biki ko filin makaranta ba. Bulutut ɗin ma idan na fita da waya ƙofar Ado sai ya fara yankewa, don haka na jona su da kwamfuta da igiya, kuma a kunnena hakan ya ɗan fi tsabta. Halima ta ce bambancin kaɗan ne. Ni na ji shi. (Daɗin rubuta wannan! Ni na ji shi.)

Amma muryar mutum, da karatu, da garaya, da kalangu, ban taɓa jin su fes haka a ɗakin nan ba. Ko lokacin da manyan ke da lafiya, sun fi ƙarfin shagon, bango ne ke amsawa. Ga shi ba sa shan wuta. An ɗauke tun sha ɗaya, ɗan batirin sola ya riƙe su har magariba.

Na tambaye ta kuɗinsu. Ta faɗa. Na ce buhun shinkafa biyu a kan abin da zai shiga jakar leda? Ta ce, "Baba, ai ba a kilo ake sayar da sauti ba."

Juma'a, 18 ga Yuli

Na sake aikin Hajiya daga farko. Wannan karon hannuna da sauƙi. Na rage shuuu ɗin kaset kaɗan, na bar sauran yadda yake. Fankar ma na bar ta, ɗakinsa ne.

A minti na talatin da ɗaya ya sassauta murya ya kira ta da wani suna, ya faɗi wata magana. A da gunaguni kawai nake ji a wurin. Yau na ji sarai. Ba zan rubuta ba, ba tawa ba ce.

Litinin, 21 ga Yuli

Halima ta matsa sai da muka je asibiti aka auna kunnen. Wai tunda abin ya shiga raina, gara a sani. Ban san yadda ta gane ya shiga raina ba.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, ina ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. Likitar ta ce na dama lafiya, na hagu ya ɗan ja baya, irin na shekaru. Ta wanke min su. Ta ce in rage ƙure ƙara, in dawo duk shekara. Na tambaye ta maganar mahaifina. Ta ce ba za ta yi min alkawarin gobe ba, amma yau ba ta ga abin tsoro ba.

Ya ishe ni.

Da muka dawo na faɗa wa Zaituna komai. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ka zaci ban ga yadda kake bin bakina da kallo ba? Ni na ce wa Halima ta leƙa ka." Ashe.

Laraba, 23 ga Yuli

Hajiya Turai ta zo bayan la'asar. Na zaunar da ita a kujerata, a tsakiya. Na kunna.

Ya yi sallama. Ta amsa masa. Da ƙarfi, har da wa barakatuhu, kafin ta ankara ta rufe baki da mayafi.

Ta saurara har kusan minti goma. Sannan ta ce, "Shi ne. Har wannan shaƙewar da yake yi in ya sha sanyi." Na ba ta haƙurin na farko, na ce laifin kayan aikina ne da nawa. Ta ce ya wuce.

Da za ta tafi ta ce a waya ba zai fito haka ba, ko zan ara mata waɗannan ranar Juma'a? Na ce ba nawa ba ne, na 'yata ne. Na kira Halima, ta ce a kai, ita za ta je ta jona musu.

Asabar, 26 ga Yuli

Sifikokin sun dawo da kwanon dambun nama. Halima ta ce mutum kusan ashirin a falo, kowa ya ji ba a ƙure ba. Autansu, wanda aka haifa bayan dawowar Malam Isiyaku daga Jidda, ya fita waje ya daɗe. Ta ce wajen minti talatin Hajiya ta ce a tsayar haka nan, a sha ruwa, sauran nata ne.

Na kira sauran mutum biyun da suka dawo min da aiki, na ce su kawo in sake musu kyauta. Ɗaya ya ce ya riga ya kai wani wuri. Ba komai. Hakkinsa ne.

Talata, 29 ga Yuli

Halima tana buƙatar nata, aiki ya taru mata. Muka shiga kasuwa tare da wani karatu da na sani kamar tafin hannuna, a wayarta. Mai shagon ya fara nuna mana wata mai fitilu ja da kore, rabin kuɗi, tana ta gurnani. Ya ce ita ake yayi. Muka sa karatun, alaramma ya koma kamar yana cikin rijiya. Ta biyu ta fi, amma tana tsatsa a sama. Ta ukun irin ta Halima ce. Na sa ya kunna sau uku, na sa ya kashe janareto ya jona ta a batiri, na ji ta a shiru. Ya gaji da ni.

Na saya. Tsada dai tana nan, ban canja magana ba. Amma aiki ɗaya da aka dawo min da shi ya fi wannan ciwo.

Asabar, 2 ga Agusta

An samo min kawunan manyan sifikokin. Suna cikin aljihun tebur. Zan saka, ba dai yau ba. Na tura manyan lungu na ɗora musu kwalayen kaset, sun yi daidai da wurin.

Ado ya shigo yana so ya sayi abin jin karatu a shagonsa, keken ɗinki yana ƙara ba ya jin waya. Ya ce in zaɓa masa, tunda duk unguwa ni ne masanin sauti. Na buɗe baki zan fara bayani, sai na ji na ce, "Bari Halima ta zo ranar Litinin ta ga shagon naka. Ta fi ni sanin na yanzu."

Ado ya tsaya yana kallona. Na ce me? Ya ce ba komai.

Na ce mata in tana da sarari ta riƙa biyowa ranar Asabar muna sauraron aiki tare kafin in ba masu shi. Ba don wani abu ba. Na sa kafinta ya yi ƙarin kujera ɗaya.