Muryar Ɗan Kamasho

Tashar Jabi, Abuja

Zuwa ga mai ɗakina Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Zulai da Inna. Yaya ƙafar Inna, ta sake ta kuwa? Na ba Nababa direba wannan takarda ya kawo miki, tunda wayar garinmu sai kin hau tudun makaranta, kuma ko kin hau rabin maganata iska ke kwashewa.

Maƙoƙon nan dai ya sa ni gaba. Kin san shi kamar ƙwan kaza, yanzu ya kai lemo. Maɓallin wuyan riga ya daina rufuwa, in na kwanta rigingine sai in ji kamar an danne mini wuya da hannu. Muryar ce kawai ba ta taɓu ba. In na ɗaga ta na ce Kaduna, Zariya, Funtuwa, har masu gasa kifi na bakin tafki sai sun waiwayo. Kin san da ita muke ci, ɗan kamasho ba shi da wata gona sai maƙogwaronsa.

To, wasu likitoci 'yan sa kai sun zo daga ƙasashen waje suna aikin wuya da kai kyauta a wani asibiti nan Abuja. Na je. Ikilima, ashe nawa wasa ne! Na ga mai ƙari a muƙamuƙi har baki ya karkace, ga wata Bafulatana daga Tungan Maje da ta naɗe nata maƙoƙon da gyale don kunya. Babban likitocin, Dakta George, wani dogon tsoho mai furfura, ya zura mini siririyar roba mai fitila ta hanci, na ga cikin maƙogwarona a talabijin. Ya ce sai an cire. Ya ce akwai jijiyar murya a bayan kumburin, siririya kamar zare, wadda sai an bi a hankali.

An ba ni gado, gobe zan je in kwanta. Tun da ya ambaci zaren nan na kasa zama wuri ɗaya. Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Manniru

Tashar Jabi

Ikilima,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Kada gabanki ya faɗi, ba a yi aikin ba. Ni na taho da ƙafata.

Ga yadda aka yi. Ana gobe za a shiga da ni, sai ga Dakta George da wata likita 'yar ƙasarmu, Dakta Zakiyya, wadda in ta girme ki da kaɗan ne. Da Hausarta tsaf ta yi mini bayani cewa ita za ta riƙe wuƙar, tsohon zai tsaya kusa da ita yana duba. Wai ba yanka kawai ya kawo su ba, sun zo su koyar da namu ne, don in sun tafi aikin ya ci gaba.

Nan take na gane wasan. Kin san yadda muke yi a tasha: fasinja ba ya son shiga motar da ba kowa, don haka sai mu zaunar da mutanenmu a ciki, har da 'yar jaka a cinya, a ga kamar saura mutum biyu ta tashi. In fasinjan gaske sun shigo, sai namu su zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, ashe Turawan nan cikon mota ne. An zaunar da su mu gani mu shigo, mota na cika su sauka, su bar mu da mai koyon tuƙi. Ni da nake shirya wa mutane wannan, ni za a shirya wa?

Na roƙi tsohon ya yi da hannunsa. Aka fassara masa, ya yi murmushi ya ce hannunta ya fi nasa nutsuwa. Haka kowane direba ke cewa game da yaron motarsa. Da aka yi la'asar na naɗe tabarmata kamar zan je masallaci, ban tsaya ba sai Jabi.

Nababa ya wanke ni tas, ya ce wayona ya yi mini yawa. Ya faɗi abin da yake so, ba wuyansa ba ne. Amma gaskiya ban samu sukunin da na zata ba, kiran fasinja nake yi ina tuna gadon nan.

Naki,
Manniru

Asibiti, Abuja

Zuwa ga Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ki shafa mini kan Zulai. Saƙonki ya iso ta bakin Nababa, kuma bai rage ko kalma ɗaya ba, har da inda kika ce gara miki miji mara murya da murya mara miji. Ya yi mini zafi, don gaskiya ne.

Abin ya ci tura bayan tahowata. Tuwo ya fara tsaya mini, sai na bi shi da ruwa. Shekaranjiya ina tsakar kiran Funtuwa numfashi ya sarƙe, na durƙusa a gaban mota mutane na yi mini fifita. Na tsorata, Ikilima, tsoron da ban taɓa ji ba.

Na koma asibitin da kunyata. Baƙin sun daɗe da komawa ƙasashensu, an cire kyallen sanarwarsu daga bakin ƙofa. Dakta Zakiyya na tarar, tana duba waɗanda aka yi wa aiki. Bafulatanar nan ma ta zo, ba gyale a wuya, tana ta zuba surutu da wata murya kamar ba a taɓa ta ba. Ashe Dakta Zakiyya ce ta yi mata aikin.

Na zata likitar za ta yi mini gori. Ko kaɗan. Ta taɓa wuyan, ta ɓata rai, ta ce ya ƙara girma ya nutsa ƙasa, aikin ya fi na da wuya, jijiyar ma ta fi shiga haɗari. Ta ce za ta tura wa Dakta George hotunan su yi shawara ta waya, amma a ɗakin tiyata ita ce da abokan aikinta. Kin ga abin da wayona ya saya mini. Na guji mai koyo da malaminta a gefe, yanzu zan shiga motarta ita kaɗai, kuma hanyar ta ƙara lalacewa.

Gobe da safe ne. Na zagaya barandar nan har wata nas ta ce in zauna ko ta ɗaure ni. In muryar ta tafi, ban san abin da zan zama ba. Ki yafe mini taurin kaina.

Mijinki,
Manniru

Tashar Jabi

Ikilima tawa,

Assalamu alaikum, da fatan kun yi girbi lafiya. Ki gafarce ni da shirun da na yi, na san Nababa ya gaya miki an yi aiki na tashi. Jira nake in ga ƙarshen zancen murya kafin in rubuto.

Wuyana ya koma irin na mutane. Ina numfashi, ina haɗiyar tuwo, maɓalli ya rufu. Dakta Zakiyya ta ce ta tarar kumburin ya manne wa jijiyar, ta daɗe tana raba su kamar yadda tsohon ya nuna mata, jijiyar ba ta tsinke ba amma ta wahala. Da farko raɗa kawai nake yi. Duk mako ina zuwa, tana sa ni cewa aaa kamar ɗan goye, ni da gemuna. Yanzu magana ta dawo, a dushe. Ihun ne babu. Na tambaye ta ko da na tsaya tun farko da bai tafi ba, ta ce Allah ne masani, ta ci gaba da rubutunta. Na gane.

Wani ya karɓi kiran layin Funtuwa. Ni kuwa, kada ki yi dariya, ciyaman ɗin tasha ya tausaya mini ya sa ni zaman cikon mota. In zauna shiru da jaka a cinya, fasinja su shigo, in zare jiki. Jiya ina zaune na ji sabon ɗan kamashon yana kira da wata murya kamar ta ɗan akuya, sai da na kawar da kai na share ido. Ba zan iya wannan zaman ba.

Saboda haka ki share ɗaki, ki ce wa Inna a bar mini gonar fadama bana. Asabar zan shiga motar Nababa, kuma wannan karon ko ta cika ba zan sauka ba. Muryar ba za ta ƙara cika tasha ba, amma na gwada ta, za ta kai daga zaure zuwa ɗakinki. In kin ji sallama a dushe, kada ki ce wane ne.

Naki har kullum,
Manniru