Tsakanin Kaura da Nababa

Litinin, 14 ga Afrilu
Alhamdu lillahi! Surukata Ramlat ta sauka, an samu namiji. Mijinta, ɗana Basiru, ne ya kira ni daga Gwanzo, can ƙasar Caina inda yake harkar kayan lantarki, ina tsakiyar watsa taki a gonar gabas. Shekara goma sha ɗaya da aurensu shiru. Na yar da kwandon na yi gida da gudu. Matata Hure ta ce da ta hango ni ta zaci kunama ce ta harbe ni.

Litinin, 21 ga Afrilu
An yi suna. Sun yanka a can, mun yanka a nan. Sunana aka sa masa, Ja'afaru, amma Nababa za a riƙa ce masa. Na gan shi a waya, ja wur, ya dunƙule hannu kamar mai neman faɗa da ni. Basiru ya ce, "Baba, aiki ba zai bar mu mu zo gida ba sai nan da shekara biyu. Kai ka zo." Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Na ce zan zo. Kuma zan je.

Juma'a, 2 ga Mayu
Kamilu, ƙanen Basiru, ya kai ni Kano aka ɗauki hoton fasfo. Da hannuna na sa hannu, ba dangwale ba. Allah ya jiƙan malamin da ya koya mana a ajin yamma, ina da shekara arba'in da biyar.
Na gama lissafina a mota. Agusta zan tafi. An gama maimai, an yi huɗa, gero bai nuna ba. Lokacin da manomi ke samun sararin kai ziyara ke nan tun kaka da kakanni.

Lahadi, 18 ga Mayu
Basiru ya yi mini dariya. Wai Agusta! Na ce damina ce, a ciki aka haife ni, ruwa bai taɓa narkar da ni ba. Ya ce, "Baba, zafinmu gasawa yake yi, nasu dafawa yake." Wai iskar kanta jiƙe take, mutum yana zaune yana tsiyaya, ga guguwa daga teku mai tumɓuke itatuwa.
Na ɗauko takarda na ja gida goma sha biyu, na ce ya faɗa mini wata-wata. Janairu da Fabrairu, sanyi mai laima mai shiga ƙashi, kuma ba a hura wuta a ɗaki. Maris da Afrilu, bango yana gumi, shanya ba ta bushewa. Mayu zuwa Satumba, dahuwa da guguwa. Oktoba zuwa farkon Disamba, garau.
Garau a wajensu. A wajena lokacin dawa ne.

Alhamis, 12 ga Yuni
An yi shuka. Gero da kaura a gabas, gyaɗa a bayan gari.

Laraba, 9 ga Yuli
Na je asibiti karɓar maganin asmata, na nuna wa likita takardar watannin, da fatan ta goya mini baya. Ta sa biro ta soke wata tara. Ta ce, "Baba, ƙirjin nan ba ya son laima, ba ya son sanyi." Na ce to in gama girbi in tafi ƙarshen Disamba. Ta soke rabin Disambar ma. Yarinya sa'ar autata.
In na bar kakar bana, sai baɗi war haka. Shekarata saba'in da ɗaya.

Asabar, 16 ga Agusta
Ba girbin ne damuwata ba, Kamilu da 'yan ƙwadago sun ishe shi. Irin ne. Kaurar nan ta mahaifina ce, shi ma ta nasa ce. Kowace shekara, dawa tana tsaye ta ƙosa, nakan shiga gona ni kaɗai in zaɓi zangarniyar iri, in yanke, a rataye a madafi hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Shekara arba'in ba wanda ya zaɓa sai ni. In aka yi kuskure sau ɗaya ta gauraya, shi ke nan, ba a sayen ta a kasuwar Dawanau.
Kamilu kuwa kullum maganarsa irin zamani na cikin leda. Da abincin rana ya ce, "Baba, dawa ai dawa ce." Ban ƙarasa tuwon ba.

Lahadi, 31 ga Agusta
Na gaya wa Basiru a bari sai baɗi. Ya ce, "To, Baba." Ramlat ta karɓi wayar ta gaishe ni, ta juyo mini da Nababa. Yana kife yana ɗaga kai, yana cin hannu.
Da na ajiye Hure ta ce, "Malam, baɗin dawa ba za ta nuna ba ne? Ko Nuwamba za a cire daga shekara?" Na ce ba ta san sha'anin iri ba. Ta ce, "Ni da nake sussuka shi."

Laraba, 24 ga Satumba
Guguwar ta zo musu. Basiru ya turo hoto, itace kwance a kan mota, an rufe kasuwa da makarantu. Suna lafiya. Ashe yaron ba ruɗa ni yake yi ba.
Mun gama ɗaurin gero jiya.

Lahadi, 5 ga Oktoba
Na yanke shawara, kuma ba maganar Hure ce ta sa ni ba. Zan tafi takwas ga Nuwamba, in yi sati uku. Amma kafin nan sai Kamilu ya iya, ko yana so ko ba ya so. Na kira Basiru na ce ya ci gaba da maganar biza.

Litinin, 20 ga Oktoba
Na shiga gona da Kamilu, na ba shi tsumma ashirin na ce ya ɗaura wa wadda ya ga ta dace. Ya bi gefen gona ya ɗaure manya-manyan duka, yana ta fara'a. Na ce, "Wannan ta jikin iyaka da me take maƙwabtaka?" Ya ce farafarar Muhammadu Sani. Na ce to gonakinmu kafaɗa da kafaɗa suke, iska tana kai fure tana kawowa. Ta gefe tana da girma don ta samu sarari, amma 'ya'yanta ba namu ba ne. Iri a tsakiya yake. A duba kara, a duba wuya, a duba ba cutar gawayi a kai, ba ciyawar wuta-wuta a gindi.
Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina bin ka gona, yau ka fara faɗa mini."


Alhamis, 30 ga Oktoba
Yau ma. Cikin ashirin na kwance huɗu. Ɗaya kuma da ni na ɗaura wa, shi ya nuna mini tsutsa a wuyanta. Rana ce ta kashe mini ido.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Biza ta fito. Hure ta daka kuka da daddawa, ta ƙulla wa Ramlat yaji. Na saya wa takwarana hula, ta yi masa girma na sani.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Gwanzo. Ba zan iya rubuta jirgin ba tukuna. A bene hawa na goma sha tara muke. Garin kamar safiyar bayan ɗaukewar ruwa, ba zafi ba sanyi, ƙirjina sakayau.
Aka miƙo mini Nababa. Ya dube ni, ya dube ni, ya damƙi gemuna ya ja. Na ce, "Kai, takwara, daga zuwan baƙo?" Ramlat tana dariya tana share ido. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido.

Talata, 25 ga Nuwamba
Kamilu ya kira daga tsakiyar gona, can hantsi, nan an yi la'asar. Dawa ta ƙosa, wuƙa a hannunsa. Yana nuno mini zangarniya ɗaya bayan ɗaya, "Baba, wannan fa? Wannan fa?" Nababa ya yi barci a ƙirjina, in na ɗaga murya zai farka. Na ce a hankali, "Kai ne a gonar. Yanki wadda ka gani." Hoton ma ba ya fita sosai, shi ya sa.
Basiru ya ce sanyi bai shigo ba tukuna, ko a ɗaga tikitina da sati ɗaya. Na ce zan duba.
Ya ɗaga. Ban yi masa faɗa ba.