Gaisuwar Soja a Zauren Malam Labbo

Daga Babban Kwamandan Makarantar Sojan 'Yan Mata, zuwa ga Malam Labbo, Sabon Birni.

Bayan gaisuwa irin ta manya. Labari ya iske mu ka ce jikarka Mardiyya ba ta komawa makarantarmu, wai don ta zo hutu ta ƙame ta sara maka a zaure maimakon ta durƙusa. Malam, makarantar ga tun zamanin Alƙalawa Innar Gobir ta kafa ta, da kwari da baka; bindiga daga baya ta zo. Ba mu taɓa rasa ɗaliba ba. In ba ta shiga motar Sakkwato ran Asabar ba, za mu aiko a ɗauke ka, ka yi fareti daga Sabon Birni har Isa da rawaninka. Ka ba mai babur ɗin da ya kawo takardar ga amsa. Wassalam.

Zuwa ga Kwamanda.

Salamu alaikum, ya aiki? Ni Bagobiri ne, ga zane a fuskata, ban taɓa jin Inna da makaranta ba. Yarinyar ga gaban baƙina na Bafarawa ta buga ƙafa har kaji sunka watse. Ta gyara min ɗaki, har yau ban ga tazbahata ba. Duk da haka na huce, jiya na ce wa uwarta ta ɗaure mata kaya. Amma tunda tsoratarwa ce, ba ta zuwa. Takardarka kuwa ran Juma'a tana hannun Hakimi. Allah Ya shirye ku.
Labbo.

Kaka,

Barka da hutawa. Don Allah tsoho, kar ka kai wa Hakimi. Ina na san ka huce? Kai ba ka hucewa a fili, kullum fuska kamar an hana ka goro. Mardiyya ba ta san komi ba. Ganinta na yi tana goge takalmin makarantarsu ta soja tana kuka, na ce bari in taimaka.

Babu wani Kwamanda da ya rubuto maka. Ni ne, jikanka Ɗanmusa mai babur, da na tsaya kana ba ni amsa har kana ce min in yi sauri.

Za ni zo ran Asabar da bulalar da kaina. Ka dai bari motarta ta tashi kafin ka fara, bai kamata soja ta ga Kwamanda yana ihu ba.

Ka huta lafiya.
Ɗanmusa.