Inci Uku na Falmaran

Litinin, 3 ga Maris
Na kai wa Tela yadin yau, ruwan toka, yadi huɗu cif. A gabana aka auna a kanti. Kwat da wando da falmaran nake so, don ranar da 'yata Auta za ta karɓi digirinta. Ita ta ce tana son ganina a haka cikin hoto. Saura mako biyar.
Ya sa tef a ƙuguna, ya duba tsohon littafin awonsa, ya sake aunawa. Na ce lafiya? Ya ce babu komai, Yallaɓai. Shekara ashirin yana yi min ɗinki, ban taɓa ganin ya auna ni sau biyu ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Gwaji na farko. Kafaɗar kwat ta zubo, falmaran kuma kamar na aro. Ya yi ta zane da alli yana soka fil a baya, wai sai an rage inci biyu. A rage a kai ina? Na ga wata ƙaramar riga rataye a bayan kekensa, kalarta kamar ta yadina. Na dai gani.

Asabar, 15 ga Maris
Ƙishirwa ta dame ni kwana biyu. Zafi ne.

Laraba, 19 ga Maris
Ina dawowa daga ofis na hango maiɗakina tana fitowa daga shagon Tela. Me ya kai ta? Ba ya ɗinkin mata. A gida na tambaye ta, wai zare ta je nema. Zare! Ga kantin zare a bakin layinmu. Akwai abin da suke ƙullawa su biyun nan.

Talata, 25 ga Maris
Gwaji na biyu. Wai a ƙara rage inci ɗaya a falmaran. Nan na kasa haƙuri, na ce ya fito min da duk ƙyallen da ya yanke, in gani da idona. Ya cire fil daga bakinsa, ya juyo min da littafin. Awona na bara, awon ranar da na kawo yadi, da na yau. Ya ce, "Yallaɓai, tef ba ya cin yadi. Kai ne kake raguwa. Ka je a duba ka." Na ce ɗinki na kawo, ba ganin likita na zo ba. Na fita ban yi masa sallama ba.
Ashe abin da maiɗakina ta je roƙonsa ke nan, tunda ni ba na jin maganarta.

Laraba, 26 ga Maris
Na huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa. Na uku ke nan tun farkon shekara. Bel ɗin ne ya saki, fatar ba ta da kyau.
Tsoro nake ji, gaskiya.

Litinin, 7 ga Afrilu
Na biya ta asibiti ranar Juma'a, tunda kan hanya yake. Suga ne. Sun ba ni magani da dogon jerin abin da zan bari. Maiɗakina ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ta dai kwashe gwangwanin suga daga tebur.
Yau na karɓo kayan daga wurin Tela. Sun zauna daidai, ban gaya masa ba. Ya ce in bar maɓallin ƙasa na falmaran a buɗe, haka ake sawa. Ina duban bango na ce, da ya bar ɗan rara a ɗinkin, ko da jiki zai dawo. Ya juya falmaran, ya ɗaga shafin ciki. Ga inci ukun nan a naɗe, ko almakashi bai taɓa su ba. Ya ce, "Suna nan suna jiranka."
Rigar bayan keken nan, da na duba da kyau, shuɗiya ce.