Inci Huɗu a Kan Guntun Bangon Falonmu

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan gaya wa. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, wannan ma sau uku ina yaga takardar kafin na tsaya a kanta. Idan na yi tsawo ki yi haƙuri da ni.

A gidanmu akwai wani guntun bango tsakanin falo da wurin cin abinci. Tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, ya taso daga jikin babban bango ya tsaya a jikin ginshiƙi. Tun ina ƙarama katako ne shimfiɗe a samansa. A kansa muke ajiye makullai da fulas, a kansa Mama take jingina ta yi magana da baƙi ba tare da ta fito ba, ni kuma a nan nake aikin gida saboda hasken taga. Katakon ya tsufa, gara ta ci gefensa, ga zoben gindin kofuna ko'ina. Da Baba ya fara gyaran gida bana, sai ya ce za a cire shi a ɗora marmara.

Anti, Baba ba mai yawan magana ba ne, musamman da ni, don ni ma ba na iya buɗe baki a gabansa. Amma zangon da ya wuce na zo ta ɗaya a lissafi, tun daga ranar ya sa mini suna Injiniya. Har ya amince zan karanta harkar gine-gine, abin da na daɗe ina so ban iya faɗa ba. Da mai marmara ya ce zai zo ya auna bangon da kansa, ina ji Baba ya ce masa a waya, "Kada ka wahalar da babur ɗinka, ina da injiniya a gida." Ya juyo ya ce in auno masa tsawo da faɗi. Wallahi ranar ji na yi kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Magina sun tashi da kayansu, don haka na ɗauki tef ɗin ɗinki na Mama daga kan kekenta. Tsawonsa inci sittin ne, bangon ya fi shi, sai na shimfiɗa shi sau biyu, na yi alama da fensir a tsakani. Na auna sau uku don kada in yi kuskure, duk ukun suka ba ni tamanin da takwas. Faɗi kuma goma. Na rubuta a takarda da kyakkyawan rubutu, har na ja layi biyu a ƙasa. Baba ya karanta wa mutumin a waya, ya miƙo mini takardar, na sa ta cikin littafin lissafina.

Bayan kwana shida aka kawo dutsen, baƙi mai ɗigon fari, an goge gefensa yana sheƙi. Mutum uku suka ɗaga shi, amma ya ƙi shiga tsakanin bango da ginshiƙi. Mai marmara, wani dattijo ne mai furfura, ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe ya auna bangon, ya samu tamanin da huɗu. Ya auna dutsen, tamanin da takwas. A hankali ya ce, "Yallaɓai, abin da aka faɗa mini shi na yanka. Wataƙila yarinyar ce ta ɗan zarce." Bai faɗa da raini ba, murmushi ma yake yi. Ya ce abu ne mai sauƙi, zai iya rage shi nan take da injinsa.

Ban taɓa ganin Baba ya fusata irin na ranar ba. Ya ce, "Ka yi sakacinka sannan ka ɗora wa 'yata? Ita da ta kayar da aji guda a lissafi ce ba ta san awo ba?" Shi Baba ya manta lambar da ya karanta, sai ya waiwayo ya ce, "Injiniya, ina takardar nan?" Ina tsaye a bayan guntun bangon, littafin yana cikin jakata a ɗaki, na kuma san sarai abin da ke rubuce a ciki. Magina suna kallona, ƙannena suna kallona. Sai na ji bakina ya ce ban san inda take ba, ƙila an share ta tare da ɓaraguzai. Baba ya ce wa dattijon kada ya sake taɓa dutsen, ya tafi, aikin kicin ɗin da aka yi masa alkawari ma an fasa. Mutumin ya naɗe tef ɗinsa, ya dube ni sau ɗaya, ya ce Allah ya huci zuciya, ya fita.

A lokacin ban san ta inda kuskuren ya shigo ba, har ina gaya wa kaina ƙila tef ɗinsa ne ba daidai ba. Sai shekaranjiya Mama ta ce in riƙe mata tef za ta auna ƙanwata don sabon yunifom. Na karanta mata lamba, ta ce, "Kin cire biyun?" Na ce wane biyu? Ta yi dariya ta nuna mini bakin tef ɗin. Ashe shekarun baya dutsen guga ya ƙona shi, ta datse wurin da almakashi, ta mayar da ɗan ƙarfen bakin ta matse. Daga biyu yake farawa. Ita ta saba, duk abin da ta auna tana cire biyu a ka, ba ta taɓa tunanin wani zai ɗauka ba. Na shimfiɗa shi sau biyu, inci huɗu ke nan. Na ce mata cikina ke ciwo na shige ɗaki.

Yanzu dutsen yana jingine a baranda an rufe shi da tsohon zane, saman bangon kuma tsirara, siminti ne kawai da ramukan ƙusoshi. Kullum sai na wuce su biyun. Na daina aikin gida a wurin. Abin da ya fi damuna, na ji Baba yana ba maƙwabcinmu labari, shi kuma maƙwabcin ya ce ai gara da ya ji, don da ma dattijon nan ya yi niyyar ba wa aikin matakalar benensa. Ƙarshen wata Baba zai kawo wani mai marmarar, ya ma ce ni zan sake aunawa.

Na san abin da na yi ba daidai ba ne. Amma idan na faɗa, Baba zai ji kunya a gaban mutanen da ya yi wa alfahari da ni, zai kuma san na yi masa ƙarya ido da ido. Ina tsoron ya daina kirana da sunan nan, ya koma shirunsa na da, ya ce wadda ba ta iya auna bango ba ina ita ina gina gida. Wani lokaci sai in ce in yi shiru kawai in auna daidai a karo na biyu, magana ta mutu. Sai kuma in tuna kallon da dattijon nan ya yi mini. Takardar tana nan, na kasa yaga ta. Anti, yaya zan yi?

Taki,
Ɗalibar da ta kasa ɗaga kai

Wa alaikumus salam 'yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne ba ki yaga takardar ba. Mai niyyar binne magana ba ya adana shaida. Kin riga kin san abin da za ki yi, ƙarfin gwiwa kike nema, to bari mu rarrabe abubuwan don kayan su yi miki sauƙi.

Kuskuren awon ba abin kunya ba ne. Kin auna sau uku, kin rubuta da kyau, tef ɗin ne yake da sirrin da mutum ɗaya kawai ya sani a duniya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar hannu yana da labari irin wannan, wasu ma ƙofa suka yanka ta ƙi rufuwa. Kuma ba ke kaɗai ke da hannu ba. Mahaifinki ya hana mai sana'a zuwa ya yi abin da ya saba, don murna da ke ta rufe masa ido. Shi ma dattijon, da shekarunsa, ya san ba a yanka dutse da lambar waya, ya kamata ya dage ya zo. Kowa ya ɗauki nasa.

Naki kason shi ne maganar takarda, kuma ba zan rage miki nauyinta ba. Na fahimci yadda aka yi. Yarinya mai kunya, maza tsaye suna kallo, uba yana faɗa dominta, baki kan riga hankali. Amma mutumin da ya faɗi gaskiya ya fita gidanku a matsayin mai sakaci, kuma sunan ya fara tafiya gidan maƙwabta. Mai sana'a ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Idan kika auna daidai a ƙarshen wata kika yi shiru, bango zai samu marmararsa, shi kuwa zai ci gaba da rasa aiki bai san dalili ba. Ke ma ba za ki sake jin daɗin zama a wurin ba.

Kada ki jira ƙarshen wata. Yau ki fara da mahaifiyarki, ita ta fi kowa saurin ganewa, tunda tef ɗinta ne. Ina ma zargin ta fara haɗa lissafin tun da cikinki ya yi ciwon gaggawa. Ki roƙe ta ta zauna tare da ku idan za ki gaya wa mahaifinki, amma kada ki bari ta yi maganar a madadinki. Ki zaɓi lokacin da babu magina kuma babu ƙanne, bayan ya ci abinci ya huta. Ki ajiye masa takardar da tef ɗin tare, ki nuna masa bakin. Idan murya ta ƙi fita, ki rubuta, na ga kin iya rubutu. Abu biyu za ki faɗa, kada ki tsaya a na farkon don ya fi sauƙi: na yi kuskuren awo, kuma na san inda takardar take ranar da ka tambaye ni.

Zai ji zafi, ba zan yaudare ki ba. Wataƙila ya yi kwana biyu bai sake miki fuska ba, kuma wani ɓangaren fushin da kansa yake yi, don shi ya ɗaga murya a kan dattijo. Ki bar shi ya huce, kada ki yi ta kare kanki. Amma ki duba da kyau, mutumin da ya kori mai aiki saboda an taɓa 'yarsa ba lissafin kawai yake so ba, ke yake so. Maganar karatunki kuma, gini ba ya tsayuwa a hannun wanda ba ya kuskure, don babu shi. Yana tsayuwa ne a hannun wanda yake cewa a dakata, na ga matsala, tun kafin a zuba kankare. Ki gaya masa haka kike so ki zama.

Shi dutsen bai lalace ba. Da gajarta ya yi, da an shiga uku, amma tsawo ya yi, kuma abin da ya yi yawa ana ragewa. Tunda bakinsa biyu duk suna ɓoye, ɗaya a jikin bango ɗaya a jikin ginshiƙi, yankan ba zai fito ba. Faɗin ma da ya ƙaru da inci biyu alheri ne, domin masu aikin sukan bar ɗan leɓe a kowane gefe don ruwa kada ya bi jikin fenti. Sai dai a bar mai sana'a ya zo ya auna da tef ɗinsa, farko da tsakiya da ƙarshe, don tsohon bango ba ya cika miƙewa.

Wanda ya kamata ya yi wannan aikin kuwa shi ne dattijon da aka kora. Ki roƙi mahaifinki ya kira shi, ya kuma gyara maganar a wurin maƙwabci da bakin da ya ɓata ta. Wannan zai fi masa wuya a kan yafe miki, don haka ki roƙa da ladabi, mahaifiyarki ta taya ki. Idan mutumin ya zo, ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri da kanki. Ba sai kin yi dogon jawabi ba. Na tabbata tun ranar ya gane, ya kuma zaɓi ya tafi da laifin maimakon ya tozarta ki a gaban ubanki. Mutum irin wannan ya cancanci ya ji daga bakinki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran mahaifinki, ya mayar wa bawan Allah nan da aikinsa da mutuncinsa. Ki tashi ki je wurin Mama tun kafin ki ninke jaridar nan.

Antinku