Ba Zan Ɗora Hannu A Kan Ƙaramar Motar Nan Ba

Hajiya Azara, assalamu alaikum.

Ki taimake ni don Allah, amma in gaya miki tun farko, ban rubuto don a ce mini in yi haƙuri ba. An faɗa mini haka har na gaji. So nake wani mai hankali ya tsaya a bayana, domin a gidan nan kowa ya haɗe mini kai a kan maganar mota.

Da hannuna nake rubuta wannan takarda. Ina da shekara hamsin da ɗaya na shiga ajin manya a bayan masallacinmu a Maamobi, bayan la'asar, in na gama sayar da waakye, wato shinkafa da wake, na wanke tukwane. Shekara uku na yi ina zuwa. Na faɗa ne don ki san ba wanda ya tsara mini magana, abin da ke raina ne.

Ina da 'ya ɗaya mace, Ruhaina. Tana aiki a wani ofishi a Tema. Kullum trotro, wato ƙaramar bas ta haya, biyu take shiga kafin ta isa, biyu kafin ta dawo, wani lokaci in layi ya yi tsawo ta hau okada. Shekara huɗu tana tari, bana Allah ya nufa ta sayi mota. Na yi murna har na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Abu ɗaya na roƙe ta: ta sayi mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ake rubuta AWD a bayanta. Ta ce to, za ta duba. Sai ta tafi da ƙanin marigayi babanta, Saaka, wanda yake da garejin gyaran mota a Kokomlemle, suka dawo da wata 'yar ƙarama kamar kwanon sha, mai jan ƙafa biyu na gaba.

Ranar da suka kawo ta bakin titi, don ba ta shiga lungunmu, maƙwabta suka fito, an riga an sayo koko da ƙosai na sadaka, ana jiran in fito in ɗora hannu a kanta in yi addu'a kamar yadda uwa ke yi. Na fito, na zagaya bayanta, na karanta duk abin da aka rubuta. Haruffan nan uku babu su. Na juya na koma gida. Na ce ba zan sa mata hannu ba, ba zan shige ta ba.

Saaka ya biyo ni har tsakar gida yana dariya. Wai tun da na koyi karatu ba a huta ba, ko buhun shinkafa sai na karanta. Wai me na sani a kan mota, ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba. Ya ce hanyar Tema kwalta ce tun daga ƙofa har ƙofa, kuma rabin tafiyar a cunkoso ake yin ta, mota na rarrafe. Ya ce mai ƙafa huɗu shan mai ne da ita kamar rami, in taya ɗaya ya lalace sai an sake duka, gyaranta kuma sai ya sa Ruhaina kuka. Na ce masa gara ta yi kukan mai da in yi kukanta. Daga nan bai sake dariya ba, amma bai sauka daga maganarsa ba, ni ma haka.

Hajiya, ni ba mahaukaciya ba ce. Akwai abin da na gani da idona.

Shekara goma sha tara ke nan. Ni da aminiyata Adisa, wadda muke ɗaki kusa da ɗaki, mun je kasuwa sayen wake. Muna dawowa da rana tsaka ruwa ya sauko, irin na watan shida. Kafin mu iso kusa da babbar gotar Nima, titi ya zama kogi. Direban trotron da muke ciki ya ce zai wuce. Ya shiga, motar ta yi tari ta mutu a tsakiya, ruwa ya fara shigowa ta ƙofa. Ya ce kowa ya sauka. Muka sauka, ruwa a cinya. Ni na samu ƙarfen rumfar wani shago na rungume. Adisa tana bayana da buhunta a ka, ba ta yarda ta yar ba. Ba a ganin inda titi ya ƙare, inda gota ta fara. Taku ɗaya ta yi. Bayan kwana biyu aka same ta.

Ina rungume da ƙarfen nan ina ihu, sai ga wata babbar mota fara ta zo tana ture ruwa, ta wuce ta gabana. Na ga fuskar mutumin da ke ciki. Gilashinsa a rufe, ko rigarsa ba ta jiƙe ba. Ya wuce abinsa ya tafi gida wurin 'ya'yansa. Tun ranar na sa a raina, duk ranar da ɗana ko 'yata za su mallaki mota, irin wannan ce. Da na iya karatu na riƙa duba bayan manyan motoci a titin Kanda, na ga haruffan, na tambaya, aka ce mini su ne masu ja da ƙafa huɗu, ba sa maƙalewa.

Ruhaina ta san Adisa ta rasu a ruwa, tana da shekara tara a lokacin. Amma ba ta san ina wurin ba. Ban taɓa gaya mata ba, ban gaya wa Saaka ba. Ke ce ta farko bayan mijina.

Yanzu ga inda muke. Yarinyar nan taurin kaina ta ɗauko. Ta ce ba za ta murza makulli ba sai na sa albarka. Mako uku ke nan motar tana garejin Saaka an rufe ta da tamfol, ita kuma tana bin trotro kamar da. Ba ta yi mini rashin kunya ba, tana gaishe ni, tana cin abincina, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Shekaranjiya ta ce mai sayar da motar ya yarda a musanya da wata tsohuwa babba mai ƙafa huɗu in an kai kafin ƙarshen wata, kuma in haka nake so za ta yi, ko da albashinta zai ƙare a gidan mai. Ta faɗa idonta a ƙasa. Ya kamata in ji daɗi na yi nasara, amma abincin ranar bai shiga ba.

Duk da haka ban janye ba. Damina ta kusa. Kuma muna zuwa Bawku ganin dangi sau ɗaya a shekara, hanyar ƙauyenmu taɓo ne. Su ce jahila ce ni, su ce tsohuwa mai rigima, na ji. Ni na haife ta, ni na ga abin da ruwa ke yi. Ki gaya musu gaskiyata, Hajiya, a jarida, inda Saaka zai gani.

Uwar da ba ta ja da baya,
Maamobi

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Allah ya ji ƙan Adisa, ya sa ruwan nan ya zama shahada a gare ta. Shekara goma sha tara kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Ba ki yi hauka ba, ba jahila ba ce ke. Saaka kuwa, in yana karantawa, bai kyauta ba da ya yi wa matar yayansa dariya a kan karatun da ta sha wahala ta samu. Ya je ya ba ki haƙuri.

Amma kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. A maganar mota, shi ne a kan daidai.

Na shekara ashirin ina tuƙi a garin nan, kuma kafin in amsa miki sai da na zauna da makanikai biyu da ba su san juna ba. Jan ƙafa huɗu abu ɗaya yake yi: yana taimakon mota ta tashi ta ci gaba a inda ƙasa ke santsi, kamar taɓo, yashi, ko hawa mai laka. Wanda ke bin hanyar gona kullum, ko yake zaune a sabuwar unguwa da ba a zuba kwalta ba, kuɗinsa bai tafi banza ba. A nan kina da gaskiya. Amma ba ya ƙara wa mota birki. Kowace mota, ƙarama ko babba, da ƙafa huɗu take tsayawa. Kuma ba ya hana ruwa shiga inji. In ruwa ya kai inda inji ke shaƙar iska, motar ta mutu, ko ƙafa nawa ke janta. In ruwan mai gudu ne kuma ya ɗaga ta, tayoyin ba su da abin kamawa.

Farar motar da kika gani, tsayinta ne ya fitar da ita, da sauran kwana na mai ita. Kin ga wanda ya wuce. Ba ki ga irinsa da ake jawowa daga gota bayan ruwa ya janye ba, kuma ana jawo su. Abin da ke ba ni tsoro da babbar mota shi ne tana sa mai ita ya ce zan iya. Direbanku ma abin da ya ce ke nan. Mai ƙaramar mota ta san iyakarta, tana ganin ruwa sai ta juya.

Ki dubi tafiyar Ruhaina: kwalta da cunkoso, safe da yamma. Tsohuwar babbar motar da ake son ba ta za ta fi shan mai, kayan cikinta sun fi yawa, kuma irinta tana son tayoyi huɗu iri ɗaya waɗanda suka ci daidai da juna. Mu kuwa kin san halinmu, taya ɗaya na hannu muke saya wurin mai faci in wani ya fashe. A mota irin wannan, haka na iya lalata abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wadda mai ya cinye wa albashi ita ce ke ɗage gyaran birki zuwa wata mai zuwa. Bawku kuma sau ɗaya ce a shekara, ku shiga bas kamar yadda kuka saba.

Yanzu ga maganar da ba za ki so ji ba. Mako uku 'yarki tana cikin trotro, motar da kika fi tsoro a duniya, kuma hannunki da kika hana ne ya ajiye ta a can. In ruwa ya sauko gobe direba ya ce zai wuce, ba ta da ta cewa, kamar yadda ke da Adisa ba ku da ita. Ranar da makulli ke hannunta, ita ke da ikon tsayawa.

Ban ce ki sauke taurin kanki ba. Ki kai shi inda zai yi aiki. Ki zaunar da Ruhaina ki gaya mata kina wurin ranar nan, ki faɗa mata duka, har buhun waken. A yanzu gani take kin raina abin da ta yi shekara huɗu tana tarawa. Sannan ki karɓi alkawari daga bakinta: duk ruwan da ya rufe gefen titi har ba ta ganin bakin gota, ba za ta shiga ba, ko za a kore ta daga aiki. Ta samu tudu ta tsaya, ta kira ki.

Daga nan ki sa mayafinki ki tafi Kokomlemle. Ki sa Saaka ya yaye tamfol. A jikin kowane taya akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi shi. Ki sunkuya ki karanta da kanki, da ƙarfi, a gaban ma'aikatansa. Wanda ya haura shekara shida ko ya suɗe, ki ce a cire. Ki sa ya gwada birki, da fitilu, da abin share gilashi kina tsaye. Kada ki matsa sai ya gama. Mu ga ko zai sake cewa karatunki ya dame shi.

In ya gama, ki ɗora hannunki. Ki shiga gaba ki zauna, ta kai ki gida. Kada ki bari ƙarshen wata ya zo, kada ki bari ruwan farko ya same ta a layin trotro.

Allah ya tsare Ruhaina a fitarta da dawowarta, ya sanyaya miki zuciya. A sake sayo koko da ƙosai, wannan karon ke za ki raba.

Hajiya Azara